Hannun Desmond

Da silifas na iso bakin teku, hannuwana duk ƙullin burodi, na tarar da sabuwar tarakta tsaye cik a kan tsakuwa, mai yana tsiyaya daga cikinta. Maza shida sun kewaye ta, kowa na faɗin tasa.

"Ina jirgin?" na tambayi Desmond, wanda shi ke kula da shigar da jirgin ceto ruwa da fito da shi.

Ya nuna da haɓa. Can bayan farin kumfa na hango shi, yana ɓullowa yana ɓacewa. Tun safe suka fita ɗauko wani mai kamun ƙaguwa da injin ya cinye wa hannu. 'Yata Bryony na cikinsu.

Garinmu ba shi da tashar jiragen ruwa. Tarakta ce ke tura amalanken ƙarfe cikin ruwa, jirgin ya afka cikin ragarsa, ta jawo su tudu. In babu ita, igiyar ruwa za ta juya shi ta kifar a gabanmu. Tasha mafi kusa tafiyar awa uku ce, mutumin kuwa jini yake zubarwa.

Sai muka ji wannan tarin inji da na fi tsana a duniya.

Shekara goma sha tara ina maƙwabtaka da Hedley Grice, kuma duk Lahadi sai ya tayar da tsohuwar taraktar da aka sallama tare da shi daga aikin jirgin ceto, hayaƙinta ya baƙanta mini shanya. Mun yi faɗa a kanta har mun gaji. Ga ta nan tana gangarowa a kan sarƙoƙinta irin na katafila, ba rufi ba gilashi, tsoho ɗan shekara saba'in da takwas a kanta da rigar sanyi da jan ƙyallen wuya.

"Baba Hedley, likita ya hana ka," in ji Desmond.

"Likita ya iya tuƙa ta? To kira shi. In ba haka ba ku ɗaura mini amalanken, kun tsaya kamar masu jiran bas."

Na riƙe masa ƙafar wando. Na san ciwon zuciyarsa, ni ke karɓo masa magani. Na buɗe baki in ce ya sauko, sai na tuna wa ke cikin jirgin, na yi shiru. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

"Sake ni, Maureen," ya ce. "Kin shafa mini fulawa. Yau dai ba ki yi shanya ba ko?"

Ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin kujera, yadda direbobin zamanin da suke yi don kada ruwa ya share su. Ya dubi Desmond.

"Hannunka kawai zan kalla, ɗan nan. Kada ya yi rawa."

Ka'idar aikin ke nan. Direba ba ya kallon teku, don wanda ya kalle shi zai gudu kafin lokaci. Hannun mai alama yake kallo: in ya sauka ya ja, in ya dunƙule ya tsaya. Hedley yakan yi alfahari cewa shekara arba'in bai taɓa saɓa wa hannu ba.

Ya tura amalanken cikin ruwan Janairu. Ruwa ya rufe sarƙoƙin, ya rufe injin, sai bututun hayaƙi kaɗai a sama, ya kai masa ƙirji. Nan ya tsaya yana jira, ya karkato da kai wajen Desmond. Igiyar ruwa takan haye kansa gaba ɗaya, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan farin gashinsa ya fito. Na gan shi ya sunkuya yana wani abu da hannu biyu, ban gane ko mene ne ba. Na durƙusa a kan tsakuwa.

Jirgin ya taho a guje bisa bayan wani tudun ruwa. Ya afka ragar da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Desmond ya sauke hannu.

Tsohuwar taraktar ta yi gurnani, ta fara ja da baya. A hankali, kamar mai jan buhu. Ruwa ya koma ƙugunsa, ya koma gwiwa. Amalanken ya fito, jirgin zaune daram a kansa, na hango Bryony riƙe da ƙarfe, da ranta. Mutane suka fara tafi.

Desmond ya dunƙule hannu.

Ba ta tsaya ba.

Ya ɗaga hannun sama ya sake dunƙulewa. Ta ci gaba da hawowa, miƙe sak, ta wuce inda ake tsayawa, ta nufi bangon rumfar jirgi. Hedley na zaune tsaf, kansa a karkace, idonsa a buɗe yana kallon inda Desmond ya tsaya ɗazu. Tafin ya mutu a hannun mutane.

Desmond ne ya bi ta da gudu, ya haye, ya lalubo ya kashe injin, saura taku biyar ta ci karo da bango. Ya taɓa wuyan tsohon, ya daɗe, sannan ya cire hularsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ban sani ba, Maureen. Ƙila tun a ruwa."

Da aka sauke shi ne muka ga abin da ya sunkuya yana yi. Ya kwance ƙyallen wuyansa ya ɗaure sandunan tuƙin da sandar totur wuri ɗaya, tamau, yadda ko da shi ko ba shi za ta fito miƙe.

Motar asibiti ta ɗauki mai ƙaguwa, ta biyu ta ɗauki Hedley. Bryony ta hau kujerar taraktar da kayanta jiƙe sharkaf, ta kama ƙullin ƙyallen. Ya sha ruwa ya ƙi kwancewa. Wani ya miƙo mata wuƙa, ta girgiza kai. Na tsaya a ƙasa riƙe da bargon da na samo mata, ita kuwa tana ta ɓanɓarar ƙullin da farce.