Wanda Ya Ba Kaka Ravdna Izini

"Wa ya ba ki izinin gini a nan, Kaka?" in ji Jovsset daga bakin bukkar, yana murza hularsa ta ma'aikatan gwamnati.

Kaka Ravdna, maƙwabciyarmu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Busasshen naman barewa take yankawa cikin gahawarta. Ni na kawo ta tsaunin a mota, don likita ya ce saura kaɗan, ita kuwa ta ce ba dai a gadon asibiti ba.

"Kai, ɗan Biret, ni na share maka majina fa! Wurin na tambaya mana. Sai da na kwana a ƙasar nan kafin in kafa sanda ko ɗaya, yadda mu Sami, makiyayan bareyi, muke yi. Na yi mafarkin fararen bareyi suna shan ruwa. Wane izini ya wuce wannan?"

"Doka ta ce gandun gwamnati ne, Kaka. An ce in rushe ta kafin sanyi ya shigo."

Ta dube ni. "Sunna, ba dokar kika karanta a jami'a ba? Faɗa masa."

Na sunkuyar da kai. Dokar da na karanta bayansa take goya.

"To, ka rushe," ta ce. "Amma ka kwana tukuna, ka tambaya. Da sallama aka shigo, da sallama ake fita."

Ya yi 'yar dariya, ya shanye gahawar da ta miƙa masa, ya tafi.

Lokacin bazara ne, da rana ba ta faɗuwa a can ƙuryar arewacin duniya, sai kwanakin suka narke cikin juna. Takan yi barci tana magana, ta farka tana kiran bareyin da suka daɗe da mutuwa. Hayaƙi na hawa ta kafar rufi, haske na saukowa ta nan. Wata safiya na zuba mata gahawa, har ta huce ba ta miƙo hannu ba.

Bayan an binne ta a gari, na koma tsaunin ɗauko butar gahawarta. Na tarar da motar rusau a gefen tafki, a kashe. Bukkar na tsaye, ciyawar kanta na kaɗawa.

Na leƙa. Jovsset ne kwance a kan rassan da ta shimfiɗa, ya rufa da fatar barewarta. Ya jera takalmansa a bakin ƙofa, hular na kansu. Idanunsa na motsi a ƙarƙashin fatarsu.

Na bar butar a kan murhu, na ja ƙofar a hankali.