Kwano Biyu a Kan Ɗakinta

"Sauko, Kafinta! Kana tari kamar tsohon janareta, me ya kai ka rufi?"

Malama ce, maƙwabciyarsa, wadda ta shekara talatin tana koyar da kimiyya kafin ta ajiye alli. Ta riƙe masa tsani da hannu biyu, ba don ta yarda da aikin ba.

Tun da rediyo ta ce wani dutse na yawo a sararin sama, wai yana iya faɗo wa duniya, matar Kafinta ta ƙaurace wa ɗakinta, ta koma kwana a zaune a tsakar gida. Makauniya ce, ga ciwon ƙafa. Shi kuwa likita ya ba shi gado tun Litinin, amma Kafinta ya ce sai ya ninka mata kwanon rufi tukuna.

"Dutsen da suke faɗa ya fi unguwar nan girma," in ji Malama. "In ya zo, kwanonka da takarda duk ɗaya. Kuma da wuya ya zo. Kashe kanka za ka yi a banza."

Ya leƙo, ya zare ƙusoshin da ke bakinsa.

"Malama, kin ɗauka ban sani ba? Shekara arba'in ina rufi. Ƙanƙara ma lotsa shi take."

"To, don me?"

"Ita ba ta jin bayaninki. Guduma take ji."

Malama ta gyara riƙon tsanin. A baya sau uku tana yi wa matar darasi, har ta damƙa mata lemo da tsakuwa, ta ce ga duniya, ga dutse. Matar ta haɗa su, ta ce, "Kin gani? Ya same ta."

Kwana uku yana bugu. Yakan jera ƙusa kusa da kusa, fiye da yadda aikin ke so, don ƙarar ta daɗe. Rana ta huɗu babban ɗansa ya ɗauke shi sai asibiti. Ya kwana biyu, ya cika da hantsi.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa tsoron dutse ne ya kashe shi. Malama ta ƙyale su. Mutane sun fi son labarin da ba ya da nauyin ɗauka.

Da aka watse, matar ta lalubo hannun Malama.

"Malama, ke ba kya ƙarya. Maigida ya gama?"

Malama ta dubi fallen kwano ɗaya da ya rage, jingine da bango.

"Yaya, dutsen nan ba zai same ki a ɗakin nan ba."

"Kin tabbata?"

"Na fi masu rediyo tabbata."

Ta ja ta har bakin gado, ta cire mata takalma. Matar ta shafa katifar, ta kwanta a gefenta na kullum, ta bar ɗaya gefen. Malama ta zauna a bakin ƙofa, hasken la'asar a kan ƙafafunta, tana sauraron numfashin yana daidaita.