Hannun Holger a Ƙeyata

Sunana Gunvor. Ban yi karatu ba, wanki na yi a asibiti har bayana ya lanƙwashe, don haka zan faɗi magana yadda take.

Lokacin da aka haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwarmu a Stockholm, mijina Holger yana cikin masu fasa dutse. Da aiki ya ƙare aka kawo wata mai zane, Majken. Ta jera ma'aikata da iyalansu a jikin bango, ta haska mu da fitila, ta bi gefen inuwar kowa ta sassaƙa a siminti. Ni da Holger muna gindin matakala, hannunsa a ƙeyata.

Da wannan hannun yake juya ni. In ya matse, in yi shiru. In ya ƙara matsewa, na san abin da ke jirana a gida.

Holger ya daɗe a kabari, amma duk sa'ad da na sauko matakalar sai in ji yatsu biyar masu sanyi a wuyana, ko da na naɗe shi da mayafin ulu. Masoya kuwa nan suke ɗaukar hoto. Saurayi ya dafa ƙeyar budurwa, suna kwaikwayonmu, suna dariya.

Na yi ta zarya ofishin masu kula da zane-zanen tasha, ina neman a cire hannun daga bangon. Wata yarinya ta ba ni kofi ta ce, “Gunvor, wannan tarihin gari ne. Sai mai zanen ta yarda.”

“Tarihin gari a wuyana? Ki kawo naki wuyan a ɗora masa.”

Na nemo Majken a gidan tsofaffi, na turo ta a keken guragu har gaban bangon.

“Kin tsufa, Gunvor,” ta ce.

“Ke kuma yarinya kika koma? Dubi aikinki.”

Ta daɗe tana kallo. “Na gani tun ranar. Inuwar kowa tana tsaye, taki kaɗai ke rawa. Da ƙyar na bi ta.”

“Kin gani, kika sassaƙa, kika tafi cin abincin bikin buɗe tasha.”

“Na ɗauka mutane za su gane.”

“Sun gane. Ga su can suna jira mu matsa su ɗau hoto.”

Ta sa hannu a takardar yarda, amma ta ce ba ma'aikaci za a kira ba, ni zan cire. Wata safiya aka kewaye wurin da igiya. Na zo da gudumar Holger da ƙarfen sassaƙarsa, na hau kujera. Yatsa bayan yatsa na ɓalle, babban yatsan ne ya fi gardama.

Da ƙura ta lafa na ja baya. Simintin ciki fari ne, bangon kuwa ya yi baƙi da tsufa. Hannun ya fito fes, ya fi da.

Yarinyar ofis ta ce za a shafe da fenti. Na ce kada wanda ya taɓa.

Masoya sun daina tsayawa. Jiya na ji wata mata ta tambayi mijinta, “Me aka yi wa matar nan a wuya?”

Sanyin bai tafi ba. Amma yanzu in ya matse, ba na yin shiru.