Sunan Baba Mordecai

Har gari ya waye ban runtsa ba, ina ta juya maganar da Yaya Winifred ta faɗa mini bayan an ɗauke gawar mahaifinta, Baba Mordecai: "Cornelius, gobe ka je unguwar PZ a buga sanarwar jana'iza. Ka tabbata an sa Sharlaman da manyan baƙaƙe."

Baba Mordecai maƙwabcinmu ne a Samaru, katanga ɗaya ta raba mu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a sakandare, kuma babu darasin da yake so kamar na Sharlaman, sarkin nan na Turai da aka naɗa a Rum fiye da shekara dubu da ta wuce. Ɗalibai suka laƙa masa sunan, har mai shayin bakin titi ma da shi ya san shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni nake juya shi a kan gado in shafa masa man zafi a ƙafa. Wata ranar Lahadi, ana jiyo waƙa daga coci, ya riƙe mini hannu.

"Kai da ka yi jami'a, gaya mini, Sharlaman yana neman wanda zai tuna da shi?"

"A'a, Baba. Duniya ta san shi."

"To, ka gani. Ya ci ƙasashe, ya zo ya ci sunana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Uwata a Wusasa ta raɗa mini Mordecai. Ranar da na tafi, kada ka bari a haɗa ni da kowa a takarda."

Na yi masa alkawari. Winifred kuwa da na gaya mata, kuka ta fashe da shi.

"Ɗalibansa sun watsu, Cornelius. Wa zai gane wannan tsohuwar fuskar a hoto? So kake a binne shi coci ba kowa?"

Gaskiya ta faɗa.

A PZ, Uzodinma mai buga takardu ya ɗaga hoton Baba ya dafe ƙirji. "Kai! Sharlaman ne? Ya zane ni a aji uku! In sa sunan a sama ko a ƙasa?"

Na ce masa, "Mordecai Ɗanbaba kawai."

"Oga, mutane ba za su zo ba fa."

"Buga haka."

Da yamma na dama sitaci a gwangwani, na fara liƙa takardun daga ƙofar makarantar da ya koyar. Wani mutum mai furfura ya tsayar da babur, ya karanta a hankali, ya ce Allah ya jiƙan rai, ya wuce bai gane ko wane ne ba. Na buɗe baki zan kira shi, sai na fasa. Gefen takardar ɗaya ya ɗago, na sa tafin hannu na danne shi har ya kama.