Beyar Ɗin da Ivalu Ta Roƙa

Shekara biyu ke nan da aka tafi da ƙanwata Ivalu Denmark. Ƙodarta ce ta gaza, sai an riƙa wanke mata jini sau uku a mako, mu kuwa a garinmu Ittoqqortoormiit, can ƙasar ƙanƙara, ba mu da wannan na'ura. Mijinta Enok ya bi ta, ya yi wata biyu a ɗakin bene yana ramewa, har ita da kanta ta kora shi gida wurin karnukansa.

Farkon Afrilu ta kira shi ina gidansa muna shan kofi. Ya ajiye wayar a kan tebur don in ji.

"Enok, hoto nake so. Farin beyar, a kan ƙanƙararmu."

"Ba ga su nan birjik a waya ba?"

"Na wasu ne. Naka nake so."

Na sa baki. "Ivalu, mutumin da ko jikarsa ya ɗauka hoto a waya sai ya guntule mata kai?"

Ta yi dariya har da tari. "Ani," ta ce, yadda ƙanne mata ke kiran yayyensu, "kai dai raka shi, kada a cinye mini miji."

Enok ya shekara arba'in yana farauta, amma bai taɓa riƙe kyamara ba. Ya aro ta malama Birthe, mai dogon baki kamar bututu, ta yini tana nuna masa inda zai danna.

Muka ɗaura wa karnuka goma sha biyu keken ƙanƙara, muka nufi bakin ƙanƙara, inda teku ke buɗewa. Kwana huɗu ba mu ga komai ba sai sawu. Sanyi na kashe batir, don haka Enok ya riƙa cusa shi cikin rigarsa, jikin fata. Ba mai yawan magana ba ne, amma a tafiyar nan duk inda muka bi sai ya nuna. Nan Ivalu ta taɓa kifar da mu. Can ta harbi puisi, dabbar teku mai kitse da muke farauta, daga nesan da shi bai isa ba. Ni ma ina wurin aka yi wasu, amma na bar shi ya faɗa.

Rana ta biyar da hantsi karnuka suka ɗaga hanci. Muka ɗaure su bayan wani tudun ƙanƙara, muka ja ciki, iska na dukan fuskarmu. Beyar ce, uwa da 'ya'ya biyu. Tana kwance bakin ramin da puisi ke leƙowa shan iska, ko motsi ba ta yi, su kuwa ƙananan sai hawa bayanta suke suna sulɓowa.

Ni ke riƙe da bindiga. Enok ya cire safar hannu ya ɗaga kyamara, sai na ga bututun yana rawa.

"Tsoro kake ji?" na raɗa masa.

"Da bindiga hannuna bai taɓa rawa ba."

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ciji kunnen uwar, ta kai masa mari, ya gangara yana wuntsila. Enok ya sauke kyamarar yana kallo, baki buɗe.

"Danna mana, tsoho!"

"Da tana nan," ya ce. Sannan ya danna.

Sau goma sha ɗaya ya samu kafin iska ta juya. Uwar ta miƙe, ta shinshina, ta kaɗa 'ya'yanta suka bi bayan tudu. Yatsun Enok biyu sun yi fari fat, sai da na cusa su a hammatata.

A gari Birthe ta buɗe hotunan. Yawancinsu sama ce zalla, ko ƙanƙara. Ɗaya ne ya fito: a karkace, uwar da 'ya'yan can ƙanana a gefe, dutse ya cinye rabin hoton. Shi muka aika.

Ranar ba ta kira ba. Enok ya yini yana duba waya. Washegari ni ta kira.

"Ani, dutsen nan na baya, ba nan muke kafa tanti da Anaana ba?" Mahaifiyarmu take nufi.

"Nan ne."

"Akwai iska? Ƙanƙarar tana ƙara in an taka?"

Ta fi awa tana tambaya. Wane kare ke gaba yanzu, me muka ci, ko rana ta fara ɗumi a fuska. Beyar ɗin sau ɗaya ta ambata. Ta ce ta roƙi likita ya bar ta ta zo ko na kwana biyu, ya ce jirginmu ba abin dogaro ba ne, in hazo ya rufe ta mako guda ba za ta kai ba.

"Me ya hana ki kiran mijinki?"

"In na ji muryarsa kuka zan yi. In na yi kuka zai rabar da karnukan ya taho, kuma nan ba zai rayu ba. Ka bar ni zuwa Lahadi."

Da na fito na tarar da Enok tsaye a ƙofata, hula a hannu.

"Ita ce? Me ta ce?"

"Ta ce ka karkatar da duniya gaba ɗaya. Za ta kira ka Lahadi."

Ya yi dariya, ya goge fuska da hular. Ya ƙirga a yatsu, saura kwana uku. Muka gangara tare wurin karnuka, na riƙe masa bokiti yana jefa musu nama.