Ɓawon Mangwaron Baba

Tun da tari ya kama Baba, Inna ke sassaƙar ɓawon mangwaron tsakar gidanmu tana dafa masa. Yau ta ɗiba nan, jibi ta matsa gaba kaɗan, har farin gurbin ya kusa zagaye gindin. Baba ne ya dasa itacen, kuma a inuwarsa yake wuni kan tabarma. Bana mangwaron ya yi 'ya'ya fiye da kullum, sai da muka tokare rassan da sanduna.

Ranar da ƙanwata Auta ta dawo hutu daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba ta tsuguna a gindinsa. Ta jawo hannuna ta ɗora a kan ɗan ɓawon da ya rage, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba.

"Yaya, wannan kaɗai ke riƙe da shi."

"Ke da tsoratarwa! Ba ki ga 'ya'ya ba?"

"Su ne suka tayar min da hankali." Ta ƙwanƙwasa farin itacen. "A ciki nan akwai jijiyoyin da ke hawa da ruwa daga saiwa, shi ya sa ganye ke kore. Amma abincin da ganye ke haɗawa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka. An datse masa hanya, ya taru a sama, 'ya'ya suka ƙoshi, saiwa kuwa tana yunwa. In aka cire wannan, shi ke nan, sai dai a yi itacen girki da shi."

Da ta faɗa wa Inna, sai Inna ta ce, "Sannu likitan itatuwa. Mun tura ki karatu, kin dawo kina jinyar mangwaro ubanki na kwance." Auta ta ɗaga murya, Inna ta fi ta, magana ta lalace.

Washegari da safe na ga Inna ta fito da wuƙa. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo aka yi ɗaki nake shigewa. Amma na tsinci kaina tsaye, bayana jingine da gindin.

"Matsa."

"Inna, ki bar wannan."

"Ke ma? To zaɓi, itace ko ubanki?"

Na ce, "In ya mutu, baɗi ina za ki samu ɓawon? Kuma ina Baba zai kwanta? Bari in hau in sassaƙo na reshe."

"Na reshe ba shi da ƙarfi."

Baba ya yi tari daga ɗaki, mai tsawo, har muka yi shiru muna jiran ya tsaya. Inna ta daɗe tana kallona, idonta ya cika. Sannan ta miƙo min wuƙar ta wajen ƙota.

Na hau itacen na sassaƙo. Ɓawon reshe siriri ne, da aka dafa ruwan ko ja bai yi ba. Inna ta kai wa Baba, ni ina laɓe a bakin ƙofa. Ya kurɓa, ya dubi kofin.

"Yau babu ɗaci. An canja magani ne?"

Inna ba ta waiwayo ni ba. Ta ce, "Shanye dai."