Jan Ɗankwali a Ƙofa

Yayata tela ce, kuma da hannunta na dama muke ci a gidan nan, don mijinta direba ne, yau samu gobe rashi. Shekara goma sha biyu tana fama da ciwon ɓarin kai. Ƙwayoyin asibiti suka ƙwaƙule mata ciki, ta watsar da su, ni kuwa na zama likitar gida.

Ba yabon kai ba, na iya. In ya taso sai in sauke labule, in naɗe ƙanƙara a tsumma in sa mata a ƙeya, in shafe goshin da man na'a-na'a, in matsa tsakanin babban yatsanta da manuni. Sannan in fito in ɗaura jan ɗankwali a mariƙin ƙofa. Muddin yana nan, ko tari ba a yi a gidan.

Ranar Talata da hantsi almakashi ya suɓuce mata.

"Auta, wannan ba irin na kullum ba ne. Hannuna ya yi nauyi."

"Haba Yaya, kullum haka kike cewa. Kwanta."

Na yi mata duk abin da na saba, na ja ƙofa.

Da azahar mijinta ya dawo, mota na ƙofar gida. Ya ce ko a kai ta a duba?

"Su ƙarasa mata cikin?" na ce. "Ba ka ga ɗankwali ba?"

Ya ci abincinsa ya fita.

Can sai na ji ƙwas, ƙwas. Na yi kan 'ya'yanta biyu da faɗa, har na ɗalle wa ƙaramar baki. Tana hawaye ta ce, "Wallahi Anti, ba mu ba ne." Na ce wadda ta ƙara motsi sai na karya ta. Bugun ya ɗan ci gaba, sannan ya tsaya. Har daɗi na ji.

Da la'asar na kai mata shayin citta, ƙofa ta ƙi turuwa. Da ƙyar na tura, ashe Yaya ce kwance a bayan ƙofar, baki a karkace, kwalbar man na'a-na'a a hannun hagu. Da ita take bugawa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun hantsi. Ya dubi agogo, ya girgiza kai.

Hannun bai dawo ba, maganar ma haka. An lulluɓe keken ɗinki da zane. Kowa yana sa mini albarka don ni nake jinyarta, ni kuwa na tsani kaina. Yaya ba ta da bakin gaya wa kowa, amma ranar tana jin muryata ta bayan ƙofa ina cewa a yi shiru.